Waye Gwanin Gwanaye? Yadda Alƙaluma Suka Raba Kan Masoya Ƙwallon Besbol a Amurka

A safiyar Laraba, 29 ga Mayun 2024, masoya ƙwallon besbol a Amurka sun wayi gari da labari mai kama da almara. Wani ɗan wasa da ya rasu tun 1947 ya ƙwace kambu daga hannun wani da ya rasu a 1961.

Babu wanda ya shiga fili, babu ƙwallon da aka jefa. Hukumar MLB, mai gudanar da babbar gasar besbol ta ƙasar, ce kawai ta sabunta kundin alƙalumanta. Ty Cobb, wanda ya yi kusan shekara 100 a saman jerin waɗanda suka fi iya bugu a tarihi, ya sauko na biyu. Josh Gibson, baƙar fata da aka hana shi taka filin babbar gasar har ya koma ga Mahaliccinsa, ya ɗare saman.

Kafin azahar gidajen rediyon wasanni sun cika da masu bugo waya. Wasu na cewa yau gaskiya ta yi halinta, wasu na cewa an yi wa tarihi kutse. A shagunan aski da shafukan sada zumunta aka ja daga, kowa da lambobin da yake kafa hujja da su.

Mai karatu da ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo ana gardamar Messi da Ronaldo har mai gida ya kashe janareto ya san irin wannan zafi. Bambancin shi ne su mutanen besbol gardamarsu ta kan 'yan wasan da ko kakanninsu ba su gani da ido ba ce, kuma suna yin ta da takarda da fensir.

Wasan a taƙaice

Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum tara a fili. Mai jifa yana tsayawa kan wani ɗan tudu a tsakiya, ya wurgo ƙwallo mai tauri daga nisan kamar mita 18, da gudun da yakan haura kilomita 150 a awa ɗaya. Mai bugu yana jiran ta da sandar katako.

Idan ya same ta, sai ya yar da sandar ya ruga zuwa tashar farko. Tashoshin huɗu ne a kusurwoyin fili, kuma duk wanda ya zagaye su ya dawo inda ya tashi ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. In kuwa ya maka ƙwallon ta tsallake katangar fili, to ya yi hom-ron ke nan, zai zagaya a tsanake babu mai tare shi.

Samun ƙwallon da sanda abu ne mai wuyar gaske. Wanda ya yi bugu mai kyau sau uku a cikin goma, gwani ne. Ana lissafin ne a cikin dubu, shi ya sa za a ji an ce wane yana da 300, wane yana da 280. Mutum na ƙarshe da ya haura 400 a kaka guda a manyan rukunan gasar biyu shi ne Ted Williams na Boston, wanda ya yi 406 a 1941.

Ƙungiyoyi 30 ne a babbar gasar, 29 a Amurka, ɗaya a Toronto ta Kanada. Kowace tana buga wasa 162 a shekara, kusan kullum ke nan daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba.

Inda son lissafi ya samo asali

Besbol ya tsiro ne daga wasannin sanda da ƙwallo da 'yan ci-rani suka zo da su daga Ingila. A wajajen 1845 wata ƙungiya a New York mai suna Knickerbockers ta rubuta dokokinta. A 1869 Cincinnati ta kafa ƙungiyar farko da ke biyan duk 'yan wasanta albashi a bainar jama'a. Rukunin National League ya kafu a 1876, American League ya biyo baya a 1901, sannan a 1903 zakarun rukunan biyu suka fara karawa a wasan ƙarshe da ake kira World Series.

Wanda ya ɗora wa wasan ɗabi'ar ƙidaya kuwa wani ɗan jarida ne haifaffen Ingila, Henry Chadwick, wanda ya fara da ba da rahoton wasan kurket. Shi ne ya tsara ɗan jadawalin da jaridu ke bugawa bayan kowane wasa, mai nuna abin da kowane ɗan wasa ya yi: sau nawa ya tsaya bugu, sau nawa ya samu, sau nawa ya yi kuskure.

Har yau in ka shiga filin wasa za ka ga dattijo zaune da jikansa, da kati a kan cinya, yana cike gidajen da fensir. Idan mai jifa ya kori mai bugu ba tare da ya samu ƙwallo ba, sai ya rubuta harafin K, kamar yadda Chadwick ya tsara. Wasu magoya bayan ma kan zo da kwalaye masu wannan harafi su riƙa jera su a jikin shingen bene.

Daga nan ne wasu lambobi suka zama kamar abin gado. Ka ce wa Ba'amurke mai son wasan 714, ba sai ka ƙara komai ba, ya san hom-ron ɗin Babe Ruth kake nufi. Ka ce 56, zai ce maka Joe DiMaggio, wanda ya yi wasa 56 a jere a 1941 yana samun bugu a kowane.

Sai dai ko wannan kundi da ake ji da shi bai tsira daga kuskure ba. A 1981 aka bayyana cewa masu bincike sun gano an ƙirga wa Cobb wani wasa na 1910 sau biyu, don haka bugunsa 4,189 ne, ba 4,191 ba. Shugaban hukumar na lokacin, Bowie Kuhn, ya ce ba za a taɓa komai ba. Shi ya sa har gobe wani kundi zai ba Cobb 367, wani ya ba shi 366.

Katangar da babu ita a rubuce

A 1884 wani baƙar fata, Moses Fleetwood Walker, ya buga wa Toledo a babbar gasa. Bayan 'yan shekaru ƙofar ta rufe. Masu manyan ƙungiyoyi ba su rubuta doka ba, sun dai haɗa baki cewa ba wanda zai ɗauki baƙi, kuma haka aka tafi kusan shekara 60.

Baƙaƙen suka kafa nasu. A Fabrairun 1920, Rube Foster, tsohon mai jifa kuma mai ƙungiya a Chicago, ya tara takwarorinsa a Kansas City suka kafa Negro National League. Wasu rukunan suka biyo baya. Sunaye irin su Kansas City Monarchs da Homestead Grays da Pittsburgh Crawfords suka zama abin alfahari a unguwannin baƙaƙe.

Rayuwar ba ta da daɗi. A bas suke yawo gari-gari, sau da yawa a cikinta suke kwana domin otel ya ƙi karɓarsu. Abinci ta ƙofar baya ake miƙo musu. Wasan gasa kaɗai ba ya riƙe ƙungiya, sai sun haɗa da na neman kuɗi da duk wanda ya yarda ya kara da su, ko ƙungiyar ma'aikatan wani kamfani ce, wani lokaci wasa biyu ko uku a yini.

Duk da haka sun riga manyan zuwa wasu abubuwa. Monarchs sun fara yawo da fitilu a kan manyan motoci suna wasan dare tun 1930, shekara biyar kafin babbar gasa ta kunna nata a Cincinnati. Wasan zaɓaɓɓun taurarinsu da aka fara yi a Chicago a 1933 yakan tara mutum kusan 50,000 a shekarun da ya fi tashe.

Josh Gibson

An haife shi a jihar Georgia a 1911, ya tashi a Pittsburgh. Aikinsa a fili shi ne tsugunawa bayan mai bugu yana cafe jifa, aikin da ya fi kowane cin gwiwa da yatsu. Amma sandarsa ce ta fitar da shi. Waɗanda suka gan shi sun yi ta ba da labarin nisan bugunsa har gaskiya da ƙari suka gauraye. Fararen fata kan kira shi Babe Ruth na baƙaƙe. A unguwarsu kuwa juya maganar ake yi, a ce Ruth ne Josh Gibson na farare.

A 1943, shekarar da likitoci suka gano ƙari a ƙwaƙwalwarsa, ya yi 466 a cikin 1,000. Yanzu wannan shi ne adadi mafi girma na kaka guda a kundin hukumar.

Ya rasu a Janairun 1947 yana da shekara 35. Wata uku bayan haka, ranar 15 ga Afrilu, Jackie Robinson ya fito fili da rigar Brooklyn Dodgers, katangar ta fara rushewa. Kabarin Gibson ya yi kusan shekara 30 babu ko allon suna.

Allon tagullarsa da ke Zauren Gwanaye a garin Cooperstown, inda aka shigar da shi a 1972, ya ce ya yi hom-ron kusan 800. Waɗanda aka iya tabbatarwa a wasannin gasa ba su kai 200 ba. Sauran sun tafi a filayen ƙauyuka da na Kuba da Meziko da Puerto Rico, wasu babu ma ɗan jarida a wurin. Don haka kundin da ya ɗora shi saman Cobb da 372, ya kuma ɗora shi saman Ruth a ƙarfin bugu, shi ne dai ya rage masa abin da aka fi saninsa da shi.

Yadda aka kai ga hukuncin

A ƙarshen shekarun 1960 wani kwamiti ya zauna ya tantance rukunan da za a ɗauka a matsayin manya. Ya amince har da wani rukunin farare na 1884 da kaka ɗaya kacal ya yi ya mutu. Na baƙaƙe ko tattauna shi ba a yi ba.

Sai a Disambar 2020, watanni bayan kisan George Floyd da zanga-zangar da ta biyo baya, shugaban hukumar Rob Manfred ya sanar cewa an amince da rukunan baƙaƙe bakwai na tsakanin 1920 da 1948. Kwamiti ƙarƙashin John Thorn, masanin tarihin hukumar, ya yi fiye da shekara uku yana tace alƙaluman 'yan wasa sama da 2,300.

Ainihin wahalar masu sa-kai ne suka sha ta. Sun yi shekaru suna bin tsofaffin jaridun baƙaƙe irin su Pittsburgh Courier da Chicago Defender a ɗakunan karatu, shafi bayan shafi, suna kwafe jadawalin kowane wasa. An ƙiyasta sun samo kusan kashi uku cikin huɗu. Wasan da aka samu labarinsa amma babu jadawali, ba a ƙirga shi ba.

Masu suka

Hujjar farko ta masu adawa ita ce gajertar kaka. Ƙungiyoyin baƙaƙe kan buga wasan gasa 60 zuwa 80 ne a shekara, alhali na Cobb 154 ne. Riƙe babban kaso a wasa kaɗan ya fi sauƙi. Cobb ya tsaya bugu fiye da sau 11,000 a rayuwarsa, na Gibson da aka tabbatar bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ba.

Wannan magana ce mai nauyi, bai kamata a yi wa duk mai faɗarta kallon mai wariya ba. Amsar kwamitin ita ce a 2020 annobar korona ta sa babbar gasar kanta ta buga wasa 60, kuma ba wanda ya ce a goge alƙaluman wannan shekara.

Hujja ta biyu ita ce wai ƙarfin rukunan bai kai ba. Wannan ita ce mai rauni. Daga 1949 zuwa 1959 an ba da kyautar gwarzon shekara sau 11 a National League, tara daga ciki baƙaƙe ne suka lashe: Robinson, Roy Campanella har sau uku, Willie Mays, Don Newcombe, Hank Aaron, da Ernie Banks sau biyu. Dukansu daga ƙungiyoyin baƙaƙe suka fito. Satchel Paige ya shigo Cleveland a 1948 yana da shekara 42, lokacin da sa'o'insa sun daɗe da ajiye wasa, kuma ya taimaka aka ɗauki kofi.

Akwai suka ta uku da ta fito daga cikin gida. Marubuci Howard Bryant, wanda shi ma baƙar fata ne, ya nuna cewa haɗe alƙaluman na iya zama hanyar wanke hukumar. Yaron da zai buɗe kundin nan da shekara 50 zai ga Gibson da Ruth a jeri ɗaya, ya ɗauka tare suka yi zamaninsu lami lafiya. A ganina wannan ce sukar da ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin jadawali ba shi da gidan da ake rubuta cewa ɗan wasa ya kwana a bas.

Makonni uku bayan sabunta kundin an ji irin abin da jadawalin ba ya ɗauka. Ranar 20 ga Yunin 2024 hukumar ta kai wasa filin Rickwood da ke Birmingham a jihar Alabama, wanda aka gina tun 1910, inda Willie Mays ya fara wasa yana matashi. Mays ya rasu kwana biyu kafin ranar, yana da shekara 93. Ana tsakiyar shirin talabijin kai tsaye aka tambayi tsohon tauraro Reggie Jackson yadda yake ji da dawowa garin da ya yi wasa a 1967. Maimakon kalaman biki, sai ya shiga zayyana yadda ake nuna shi da yatsa a gidajen abinci da otel ana cewa wannan ba zai shiga ba. Abokan hirarsa suka yi tsit.

Rigimar alamar tauraro

A besbol, in ana son a rage wa adadi daraja, sai a ce a sa masa alamar tauraro, wato a nuna akwai magana a ƙasa. Tarihin wannan alama shi ne kusan tarihin gardamar gaba ɗaya.

Ruth ya yi hom-ron 60 a 1927. A 1961 Roger Maris na Yankees ya tasam ma adadin, a shekarar da aka ƙara wasanni daga 154 zuwa 162. Shugaban hukumar, Ford Frick, wanda tsohon abokin Ruth ne, ya ce in bai karya shi a cikin wasa 154 ba, to a rubuta nasa daban. Maris ya cika 61 a wasan ƙarshe na kakar, bayan matsin da ya sha har gashin kansa ya riƙa zubewa.

Na Hank Aaron ya fi muni. Da ya kusa cimma 714, sai wasiƙu suka riƙa zuwa buhu-buhu, da yawa na zagi da barazanar kisa, har aka haɗa shi da mai gadi. Ya yi na 715 a Atlanta ranar 8 ga Afrilun 1974, ya ajiye wasa da 755. Wasiƙun kuwa bai ƙona su ba, ya adana su.

Sai zamanin ƙwayoyin ƙara kuzari. Yajin aikin 1994 ya sa ba a buga World Series ba, 'yan kallo suka yi fushi suka ƙaurace. Abin da ya dawo da su shi ne tseren 1998, inda Mark McGwire ya yi 70, Sammy Sosa ya yi 66. Kowa na ganin yadda jikin 'yan wasa ke kumbura, amma filaye na cika, kuɗi na shigowa, kowa ya kau da kai. Barry Bonds ya yi 73 a 2001, ya wuce Aaron a Agustan 2007, ya tsaya a 762.

A Disambar 2007 rahoton tsohon sanata George Mitchell ya ambaci 'yan wasa kusan 90. McGwire ya amsa laifi a 2010. Bonds ya tsaya a kan cewa bai taɓa shan haramtaccen abu da saninsa ba.

Ƙwallon da Bonds ya karya tarihin Aaron da ita ma ta sha nata. Wani attajiri mai kamfanin tufafi, Marc Ecko, ya saye ta a kan sama da dala 750,000, ya ce jama'a su zaɓa a intanet abin da za a yi da ita. Suka ce a huda mata alamar tauraro a kai ta gidan tarihi na Cooperstown. Haka aka yi.

Da Aaron Judge ya yi 62 a 2022, ɗan Maris ya fito ya ce wannan shi ne adadin gaskiya, a manta da 73. Magoya bayan Bonds suka ce a buɗe kundi a karanta.

Abin lura shi ne an nemi a sa wa Maris alama, an sa wa Bonds, yanzu ana neman a sa wa Gibson, amma ba kasafai ake jin an nemi a sa wa Ruth ba. Ba a musun gwanintarsa: a 1920 shi kaɗai ya yi hom-ron 54, fiye da abin da kowace sauran ƙungiya a rukuninsa ta tara gaba ɗayanta. Sai dai bai taɓa fuskantar Paige ko wani baƙin mai jifa a wasan gasa ba, haka ma Cobb. In rashin karawa da dukan gwanayen zamani aibi ne ga alƙaluman Gibson, to aibi ne ga duk abin da aka rubuta kafin 1947.

Sabbin ma'aunai, sabbin baƙi

Su kansu ma'aunan sun canza. A 1977 wani mai gadin dare a masana'antar gwangwanin wake a Kansas, Bill James, ya fara buga ƙasidu yana cewa kason bugu ba ya nuna ainihin amfanin ɗan wasa. Aka yi masa dariya. A 2002 ƙungiyar Oakland mai ƙaramin aljihu ta bi irin wannan tunani ta ci wasa 20 a jere, labarin da ya zama littafi da fim mai suna Moneyball. Yau babu ƙungiyar da ba ta da ofishin masana lissafi.

Wannan ya raba magoya baya gida biyu. Dattawa na cewa mun gani da idonmu, matasa na fito da waya suna karanto ma'aunin da ke ƙiyasta yawan nasarorin da ɗan wasa ya ƙara wa ƙungiyarsa. A 2012 an kai ruwa rana a kan Miguel Cabrera da Mike Trout, tsohon lissafi na bayan na farko, sabo na bayan na biyu. Cabrera aka ba kyautar gwarzon shekara.

Ga kuma Japan. Sadaharu Oh ya yi hom-ron 868 a gasar ƙasarsa, ya fi Bonds nesa ba kusa ba, amma ba ya cikin kundin. Ichiro Suzuki ya tara bugu 4,367 in aka haɗa na Japan da na Amurka. Shohei Ohtani, mai kwantiragin dala miliyan 700 da Dodgers, yana jifa yana bugu, kuma a 2024 ya zama na farko da ya haɗa hom-ron 50 da satar tasha (wato rugawa zuwa tasha ta gaba ba tare da jiran bugu ba) 50 a kaka guda. Ana yawan cewa rabon da a ga mai haɗa jifa da bugu haka tun Ruth. Masana tarihin baƙaƙe kan gyara zancen su ce tun Bullet Rogan na Monarchs, wanda ya daɗe yana haɗa biyun fiye da Ruth.

Wani abin takaici shi ne girmamawar ta zo a lokacin da baƙaƙen Amurka ke barin wasan. Sun kai kusan kashi 18 cikin 100 na 'yan wasa a shekarun 1980, a 2024 kuwa suna wajen kashi 6. Koyon besbol ya zama na masu hali, ƙwallon kwando da ƙwallon Amurka sun kwashe yaran. A World Series na 2022 babu baƙar fata haifaffen Amurka ko ɗaya a fili, karo na farko tun 1950.

Ƙofar Cooperstown

Duk wannan ka-ce-na-ce a ƙofar Zauren Gwanaye take ƙarewa. An buɗe shi a 1939 a Cooperstown bisa labarin cewa a nan wani soja, Abner Doubleday, ya ƙirƙiri wasan a 1839, labarin da masana suka daɗe da tabbatar da cewa ba shi da tushe. 'Yan jaridar besbol da wasu kwamitoci na musamman ne ke zaɓe, kuma sai mutum ya samu kashi 75 cikin 100. Dokar zaɓen ta ce a duba hali da mutunci, ba gwaninta kaɗai ba.

Da wannan sharaɗi aka tare Bonds, mai kyautar gwarzon shekara bakwai. Shekara 10 yana kan takarda, ya ƙare da kashi 66 a 2022. Magoya bayansa na tambaya: wane hali? Cap Anson, wanda ya yi ƙaurin suna wajen ƙin shiga fili in akwai baƙi, yana ciki. Kenesaw Mountain Landis, shugaban hukumar daga 1920 zuwa 1944, wanda katangar wariya ta tsaya daram a zamaninsa, yana ciki. Bud Selig, wanda ya shugabanci hukumar a zamanin ƙwayoyin, shi ma an shigar da shi a 2017.

Ra'ayina a nan bai da kwana-kwana. Gidan tarihi ba majalisar waliyyai ba ce. A shigar da Bonds, a rubuta a allonsa zargin da ya bi shi da zamanin da ya yi wasa, kamar yadda ya kamata a rubuta a na Anson da Landis abin da suka aikata. Gibson kuma a bar shi a saman jerin, amma a buga dalilin gajertar kakarsa a shafin da kowa zai gani.

Batun Pete Rose ne ya fi wuyar yankewa. Shi ke da bugu mafi yawa a tarihin gasar, 4,256. An kore shi har abada a 1989 saboda yin caca a kan wasanni lokacin yana kocin Cincinnati. Ya yi kusan shekara 15 yana musu kafin ya amsa a 2004. Caca ita ce laifin da besbol ya fi tsoro tun 1919, lokacin da aka zargi 'yan wasan Chicago White Sox takwas da sayar da World Series, kuma an manna dokar hana ta a ɗakin sauya kaya na kowace ƙungiya. Masu kare Rose na nuna cewa yau hukumar da kanta tana ƙulla yarjejeniyar talla da kamfanonin caca.

Rose ya rasu a Satumbar 2024. A Mayun 2025 Manfred ya yanke cewa korar har abada tana ƙarewa da mutuwar mutum, ya cire sunan Rose da na Shoeless Joe Jackson na badaƙalar 1919 daga jerin korarru. Kwamitin da zai iya duba batunsu zai zauna a Disambar 2027. Mutum 16 ne a cikinsa, kuma sai 12 sun amince kafin a buɗe wa kowa ƙofa.